Takwaran Ɗana, Direban Hanyar Hada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna ya rasu, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana hawa da saukar dutsen Hada da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Kuma ba dutsen ne ya ci shi ba. A falonsa na unguwar Rusaifa ya cika, bayan azahar, yana jingine da matashi, shayinsa ma bai shanye ba.

Tsofaffin direbobin unguwar Hindawiyya su suka fara cika ƙofar gida. An ce ɗaya daga cikinsu, wanda suka yi layin tasi tare tun suna samari, ya tsaya yana girgiza kai yana cewa, "Mutumin da hanyar Hada ba ta kayar ba, yau ga shi darduma ta kayar da shi." Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, sai da aka kama shi aka zaunar. Maƙwabtanmu na tsohuwar unguwarmu Nakkasa, waɗanda rusau ya warwatsa mu da su, suka zo daga unguwannin da ban ma san hanyarsu ba. Mata suka rungumi juna a tsakar falo, kuma na lura rabin kukan na Kawu ne, rabi na unguwar da babu ita. 'Yarsa ta tsakiya, wadda Hausa ba ta zauna a bakinta ba, sai maimaita "Abuya rah, Abuya rah" take yi, wato Baba ya tafi. Wani Balarabe mai sayar da kayan marmari a saman Hada ya sauko da kwalin rumman a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa wa zai miƙa wa, don wanda ya saba karɓa shi ne aka kai makwanci.

Matar Kawu ba ta yi kururuwa ba. Da na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ya haƙuri?" ta kama hannuna ta riƙe gam, amma ba ta dube ni ba. Na san dalili, kuma zan zo kansa.

Ni kuwa, Allah ya gani, kukana biyu ne. Ina kukan Kawu, ina kukan tsoro. Ina da ɗa guda ɗaya tak, ya kai munzalin aure, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya kai mota bakin kwazazzabo. Mutum ɗaya ne yake iya riƙe shi, shi ne aka yi wa salla a Harami aka binne. A garin nan ba a rubuta suna a kan kabari, mu mata kuma ba ma raka gawa, ko inda yake kwance ban sani ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a wayi gari a ce wani direba ne kawai.

Wanda bai taɓa hawa Hada ba ba zai gane ba. Daga zafin Makka za ka tashi, ka wuce Arfa, sai dutse ya tsaya a gabanka kamar bango, titi kuma ya shiga nannaɗe shi, kwana bayan kwana. Gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, motocin da ke ƙasa sun koma kamar ƙwaro. Wani lokaci gajimare yakan sauko ya kwanta a kan titin, ka rasa ganin motar da ke gabanka. Mutane suna cewa kyau, suna tsayawa ɗaukar hoto. Ni dai amai kawai nake gani a wurin. Tun ina yarinya, in za a kai mu Ɗa'ifa shan iska lokacin zafi, da mun fara hawa nake cusa kaina a cinyar mahaifiyata. Kawu ya gaji da wanke mota, sai ya koma bi da mu ta hanyar Sail, wadda ta fi nisa amma ba ta da wannan hawan. Duk tsawon hanyar yana tsokanata: "Saboda 'yar Yaya yau mun zama raƙuma, muna zagaye dutse." Sauran yara suna hararata, shi kuwa bai taɓa fasawa ba har na yi aure.

Yana da doguwar mota mai ɗaukar iyali guda da kayansu. Ita yake kai mutanen gari da alhazai masu son ganin Ɗa'ifa, ya dawo da inabi da rumman da ruwan wardi. In zai hau, hira yake yi kamar rediyo, ya ba ka labarin kowa da kakansa. In zai sauko, wani mutum ne daban. Kafin gangara ta farko sai ya faka, ya fita, ya zagaya motar yana taɓa kowace taya da bayan hannu, ya tsaya ya kalli ƙasa. Fasinja su yi ta mita, ko a jikinsa. In ya dawo ya kashe rediyo, ya ce, "To, jama'a, hira ta ƙare. Hawa na mota ne, sauka ta direba ce." Daga nan ko sallama ka yi masa da ka zai amsa. Ba ya yi wa wanda ya isa sama barka da zuwa, yakan ce wannan rabin tafiya ya yi.

Bai yarda da birki ba. Cewa yake birki kamar haƙurin maƙwabci ne, in ka cika dannawa ƙonewa yake, kuma ba zai gaya maka ranar ba. Sau nawa aka ga ya tsaya wa motar da tayoyinta ke hayaƙi a gefen hanya, ya ƙwace jarkar ruwa daga hannun mai motar kafin ya watsa wa ƙarfe mai zafi, ya zaunar da shi a kan dutse ya zuba masa shayi har su huce su biyun, shi da motar. Kuma yana da gaba da masu jefa wa birai ayaba a kan kwana. Biran ba ya ganin laifinsu, "mutanen gari" yake ce musu, har ɗaga musu hannu yake. Masu tsayawa a tsakiyar titi saboda su ne yake zagi da Hausa, yana murmushi, don kada su gane.

Da mijina ya rasu ɗana bai shiga makaranta ba tukuna. Kawu ne ya zama uba, kuma dama sunansa aka sa wa yaron, don haka "takwara" yake kiransa. Akwai ranar da yaron ya dawo daga hawa da shi, yana ɗan firamare, ya shige ɗakin kakarsa fuska a murtuke, ya ce a cikin Hausarsa mai Larabci-Larabci, "Sitti, Sidi yana shan haram," wato Kaka, Kawu yana shan haram. Aka ce me ka gani? Ya ce ya ji da kunnensa yana gaya wa wani direba, "Ni da giya nake sauka, tun daga sama har ƙasa." Yaron Makka ne, giyar mota da sunan Larabci ya san ta, giya ɗaya ya sani a Hausa, ta kwalba. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Shekara da shekaru in zai fita sai ya leƙo ya ce, "Takwara, zo mu je mu sha ta ɗaya da ta biyu."

Shi ya koya masa tuƙi, kuma wannan ne abin da na kasa yafe masa na wani lokaci. Yaron ya girma, ya samu aiki a shagon waya, ya sayi mota mai manyan tayoyi, ya haɗu da abokai masu irinta. Kowace Alhamis da la'asar sai su yi jerin gwano su hau. Hanyar Hada a wurinsu ta tsofaffi ce, tunda an faɗaɗa ta an sa mata ƙarfe a gefe. Tsofaffin akaba suke nema can kudu da Ɗa'ifa, wato hanyoyin gangaren dutse da aka daina bi, marasa kwalta, marasa shinge, inda mota ɗaya ce take iya wucewa. Su gangara da gudu, wani yana ɗauka da waya. Ban sani ba sai ranar da 'yar maƙwabciyata ta miƙo min wayarta tana murna, wai ɗana ya yi suna. Na ga hannunsa ɗaya a waje yana ɗaga wa mai ɗauka, na ga tayar baya tana zubar da tsakuwa cikin ramin da ban ga ƙarshensa ba. Ba a daɗe ba ɗaya daga cikin abokan nasu ya tafi da motarsa ƙasa. Na je gaisuwa, na ga uwarsa. Alhamis ɗin da ta biyo baya ɗana ya sake hawa.

Mai karatu zai ce, to ke ba ki da baki ne? Ina da shi, duk Rusaifa ta shaida. Amma ɗan fari ne. Mu a gidanmu, kamar yadda kakata ta zo da shi daga Kano, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Ga shi kuma sunan Kawu yake ɗauke da shi, kunya ta zama biyu. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". In ina son ya ji magana, bango nake gaya wa yana wurin. Haka aka yi min tarbiyya, kuma ban taɓa ganin aibunta ba, don wadda ta yi min tarbiyyar ta fi kowa sona.

Sai na je wurin Kawu, ranar muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce, "Kawu, kai ka ɗora shi a kan sitiyari, kai za ka sauke shi. Ka karɓe makullin."

Ya ce, "In karɓe makulli a hannun mai gemu? Gobe ya ari ta abokinsa, wadda bai san birkinta ba."

Na ce, "To ka yi masa faɗa. Ka ce ba ka yafe ba."

Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "'Yar Yaya, ke me ya hana ki gaya masa?"

Na ce ai ya san al'ada. Sai ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba: "Kunyar Kano kike yi wa ɗan Makka! Ya san ta ne? Abokansa uwayensu suna rungumarsu a bakin ƙofa, suna ya habibi, ya galbi. Shi tambayata ya yi, wai Sidi, me na yi wa Ummi da ko sunana ba ta iya faɗa? Na yi masa bayani har bakina ya bushe, ya ce wannan labarin mutanen da ne."

Maganar ta soke ni, na kuma ji haushi. Na ce, "Yaya taka haka ta yi wa babban wana, bai je ya faɗa rami ba." Na ja mayafina na fita ko sallama babu. Har yau ina ganin ba ni kaɗai ce mai laifi a faɗan nan ba, shi ma ya san inda zai taɓa ya yi zafi.

Bai aiko a ba ni haƙuri ba, ni ma ban je ba. Ranar Alhamis da la'asar ina leƙe ta taga, ɗana ya fito da makulli, sai ga Kawu tsaye a jikin motar da sandarsa, da fulas ɗin shayi, da ɗan matashin da yake tokare bayansa. Ya ce, "Takwara, buɗe min gidan gaba. Na yi kewar mutanen gari." Yaron ya ce, "Ya Sidi, inda za mu ba wurin tsofaffi ba ne." Kawu ya ce, "Madalla. In ka faɗa mu faɗa tare, mai sanar da rasuwa ya huta, suna ɗaya zai faɗa." Ya shige ya zauna ya ja bel.

Shi ke nan dabarar tasa. Bai hana shi hawa ba, bai yi masa wa'azi ba. Zama kawai yake yi a gidan gaba, kowace Alhamis, ya ɗora hannu a gwiwa. Wa zai yi gudu a bakin rami da tsoho mai ciwon suga a gefensa? Abokan suka yi dariya da farko, daga baya suka saba, har suna rigimar wa zai zuba wa Shaiba, wato tsohon, shayi. Ɗana ya yi fushi, ya gwada fita da wuri, ya tarar da shi zaune a kan kujerar roba a gaban motar tun azahar. Ya gwada ajiye motar a wata unguwa, Kawu ya hau tasi ya bi shi, ai duk direbobin garin 'ya'yansa ne. A hankali hotunan da ake turowa suka canza. Na ga ɗaya, an faka a saman wata gangara, samari sun yi layi suna taɓa taya da bayan hannu, suna dariya, tsohon yana tsaye da sanda kamar mai duba sojoji.

Amma sanyin dutse ba ya yi wa ƙirjin tsoho daɗi. Yakan dawo yana tari, ƙafafu a kumbure, ya kwana biyu bai fita masallaci ba. Matarsa ta same ni har gida ta ce, "Ke ki ajiye naki ɗan, ki bar min nawa mijin." Na je na roƙe shi ya bari, a ranar muka shirya. Ya ce, "Likita ya ce in riƙa shan iska." Na ce Kawu, ba wasa nake ba. Ya ce, "Ni ma. Ni na riga na sauka, 'yar Yaya, shi ne yake sama." Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina yin dambun nan mai zogale, don matarsa ta hana shi mai.

Likitoci sun ce zuciya ce, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma na san abin da Inna take gani in ta rufe ido, shi ya sa ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ɗana bai yi kuka ba, ko sau ɗaya, a gaban kowa. Ya ɗauki makara, ya shiga kabari ya karɓe shi, ya tsaya a layin masu karɓar gaisuwa har aka tashi zaman makoki. Na yi ta satar kallonsa ina neman hawaye, don na san wanda bai yi kuka da ido ba zai nemi wani wurin yi. Ranar Alhamis da ta zo, ina kicin na ji ƙarar makulli. Na leƙa, ya sa takalmin da yake hawa da shi. Wayarsa tana ta ƙara, abokai suna jira. Na juya na ce wa bango, "Yau dai da mutum ya zauna a gida, ko don mutanen da ke zuwa gaisuwa." Ya ce, "Ba zan daɗe ba," ya fita.

Ban san lokacin da na ɗauki abaya ba. Na sauko bene ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ya riga ya tayar da mota, na buɗe gidan gaba na shiga na ja ƙofa. Kujerar tana can baya yadda Kawu yake tura ta saboda gwiwarsa, ƙafata da ƙyar take taɓa ƙasa.

Ya ce, "Inzili, ya Ummi." Wato in sauka.

Na ce ba zan sauka ba.

"Ke ba kya iya hawa. Za ki yi amai tun kafin Arfa. Halas, ki sauka."

Na ce in yi, mota ce, a wanke. Ya buga sitiyari da tafin hannu ya ce da Larabci, ni ba Sidi ba ce, kada in yi wasan zama Sidi. Gaskiya ya faɗa. Ban san giya ta ɗaya daga ta biyu ba, ba ni da barkwanci, ba ni da abin da zan koya wa abokansa. Na duba ko'ina a raina ban sami abin da zan riƙe shi da shi ba. Sai na kira sunansa.

Bai fito daidai ba, harshena bai saba ba, ya fito a shaƙe kamar na mai koyon magana. Kuma da ya fita daga bakina na ji wanda na kira, su biyu ne, ɗaya yana ƙasa. Na sake faɗa. Na ce, "Kada ka sa a raba ni da sunan nan sau biyu a wata ɗaya."

Sannan ya kashe motar, ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suka fara rawa. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na ɗora hannuna a bayan wuyansa, a bakin titi, maƙwabta suna wucewa suna gani, ban janye ba.

Ya Allah, ga Kawuna nan ya zo maka. Ya sauke bayinka lafiya daga dutse iya rayuwarsa, ka sauke shi a masauki mai sanyi, ka yafe masa zagin da ya yi wa masu ayaba, ka sanyaya zuciyar matarsa a kaina. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya sa da takwaransa.

Ranar dai bai hau ba. Bai kuma yi min alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba, don ina tsoron amsar. Ɗazu da rana na ji shi a ƙasa yana duba iskar taya. Na sayo ledoji da lemon tsami na zuba a jaka, na rataye abayata a bayan ƙofa inda hannuna zai kai da sauri. Gobe Alhamis.